Daga Talla Zuwa Rumfa: Yadda 'Yan Kallo Suka Fara Yin Tattaki Don Ƙwallon Kwandon Mata

 Yau tarihin da muka ɗauko ya shafi wasanni, kuma daga Amurka zai faro kafin ya dawo da mu gida Najeriya.

Ranar 19 ga Satumba, 2024, mutum 20,711 suka shiga zauren Capital One da ke birnin Washington don kallon wasan ƙwallon kwando na mata tsakanin Washington Mystics da Indiana Fever. Zauren da Mystics ta saba wasa a ciki bai wuce cin mutum 4,200 ba. Dole ta sa aka ɗauke wasan zuwa babban zauren da maza ke amfani da shi, saboda masu neman tikiti sun ninka kujerun sau da yawa. A wannan shekarar an yi irin wannan ƙaura a Las Vegas da Atlanta, kuma a cikin masu cika kujerun akwai waɗanda suka kwana a hanya, wasu a mota wasu a jirgi, da 'ya'yansu mata a gefe.

Wanda bai san baya ba zai ɗauka abin haka ya taso. Duk ɗan kasuwa ya san bambancin mai talla da mai rumfa. Mai talla shi ke ɗaukar kaya a ka yana bin mutane lungu-lungu. Mai rumfa kuwa yana zaune, masu saye ke biyan kuɗin mota su zo su same shi. Matan da ke buga ƙwallon kwando sun shafe kusan shekara ɗari suna talla kafin su samu rumfar da ake yin tattaki a zo. Tarihin wannan sauyi ne za mu bi.

Lokacin da ake kulle ƙofa

An ƙirƙiro ƙwallon kwando a 1891 a garin Springfield na jihar Massachusetts, a hannun wani malamin motsa jiki mai suna James Naismith. Shekara ɗaya bayan haka wata malama, Senda Berenson, ta kai wasan kwalejin mata ta Smith, ta sauya wasu dokokinsa don kada 'yan mata su riƙa guje-guje da ture-ture. Da ɗalibanta suka buga wasansu na farko a 1893, an hana maza shiga kallo.

Haka aka yi ranar 4 ga Afrilu, 1896, a San Francisco, inda jami'ar Stanford ta kara da ta Berkeley a wasan farko tsakanin matan jami'o'i biyu. Mata zalla ne suka kalla, kimanin 700, aka tashi Stanford na da 2 Berkeley na da 1. Wato tun farkon lamarin, rabin jama'ar gari ba su da izinin sayen tikiti ko da suna so.

Abin ya ƙara tsanani a shekarun 1920. A 1923 aka kafa wani sashe na mata a ƙarƙashin ƙungiyar wasannin sa-kai ta ƙasa, wanda Lou Henry Hoover, matar da mijinta ya zama shugaban Amurka daga baya, ta jagoranta. Ra'ayinsu shi ne mace ta motsa jiki don lafiya, amma gasa mai zafi da karɓar kuɗin ƙofa ba su dace da ita ba. Jihohi da dama suka soke gasar 'yan mata ta makarantu. Inda babu gasa babu kuɗin ƙofa, inda babu kuɗin ƙofa kuwa babu albashi, don haka babu zancen sana'a.

Masu jan gashi a kan hanya

Waɗanda suka nace sai sun ci abinci da wasan, hanya ɗaya ta rage musu, ita ce su ɗauki ƙwallonsu su bi garuruwa. A 1936 wani mutum mai suna C. M. Olson ya kafa ƙungiyar All American Red Heads a garin Cassville na jihar Missouri. Kowace 'yar wasa sai ta rina gashinta ja idan ba ja ba ne, daga nan sunan ya samo asali. Ba su da fili nasu, ba su da gasar da suke ciki. Mota suke shiga su isa gari, su kara da ƙungiyar mazan garin da dokokin maza, a raba kuɗin ƙofa, su kwana, gari na wayewa su kama hanya. A kaka ɗaya sukan buga wasa kusan 200, kuma sun fi cin nasara a kan a ci su.

Don mutane su fito, sai sun haɗa da barkwanci da dabarun burgewa, domin da yawa daga masu zuwa abin mamaki suka zo gani, mata suna cin maza. Ɗaya daga cikin fitattunsu, Hazel Walker, ta ɓalle a 1949 ta kafa tata ƙungiyar, Arkansas Travelers, ita ma a kan hanya ta ƙare. Red Heads sun yi shekara 50 suna wannan yawo, sai a 1986 suka ajiye. A 2012 aka shigar da su zauren karramawa na Naismith. Tallarsu ta ciyar da su, amma ba ta haifar da magoya baya masu ɗorewa ba, domin wanda ya kalle su bana sai baɗi zai sake ganinsu, in ma sun biyo ta garinsu.

Jihar da ta ƙi bin sahu

A wuri ɗaya ne al'adar ta juya tun da wuri, wato jihar Iowa, ƙasar manoman masara da ƙananan garuruwa. A 1925 hukumar wasannin makarantun sakandare ta jihar ta yanke shawarar janye hannu daga gasar 'yan mata. Sai shugabannin makarantun ƙauyuka suka ƙi yarda, suka kafa tasu hukumar ta 'yan mata zalla, wadda har yau tana nan. Irin wasan da suke bugawa na mutum shida-shida ne: uku suna gaba suna jefawa, uku suna baya suna tsaro, ba mai tsallake layin tsakiya.

A ƙauyen da bai wuce mutum 'yan ɗaruruwa ba, ƙungiyar 'yan matan makaranta ita ce abin alfaharin kowa. Idan suka samu gurbin zuwa gasar jiha a Des Moines cikin watan Maris, gari ne ke tashi ya bi su, manoma da masu shaguna da tsofaffi, a cika babban zauren birnin. Wasan ƙarshe na 1968 har yau ana labarinsa. Union-Whitten ta doke Everly da ci 113 da 107 bayan ƙarin lokaci. Denise Long ta Union-Whitten ta ci maki 64, Jeanette Olson ta Everly ta ci 76. Shekara ɗaya bayan haka ƙungiyar maza ta San Francisco Warriors ta zaɓi Denise Long a zaɓen sababbin 'yan wasa na NBA, amma shugaban gasar ya soke zaɓen.

An daina wasan shida-shida a Iowa a 1993, amma ɗabi'ar bin 'yan mata zuwa filin wasa ta riga ta zauna. Kaka ta buga, uwa ta buga, jika tana bugawa, kuma duk gidan sun saba shiga mota su je kallo. A riƙe wannan, domin zai dawo a gaba.

Yunƙurin farko da ya faɗi

A 1972 Amurka ta yi dokar da aka fi sani da Title IX, wadda ta haramta nuna bambancin jinsi a duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya. Jami'o'i suka fara ba 'yan mata gurbin karatu kyauta saboda wasa. A 1976 aka sa ƙwallon kwandon mata a gasar Olamfik karon farko a Montreal, Tarayyar Sobiyet ta ɗauki zinare, Amurka ta zo ta biyu. 'Yan kasuwa suka ga kamar lokaci ya yi.

Ranar 9 ga Disamba, 1978, gasar ƙwararru ta mata ta farko, WBL, ta buɗe a Milwaukee, inda Chicago Hustle ta ci Milwaukee Does a gaban mutum 7,824. Daren farko ya yi kyau, abin da ya biyo baya ne bai yi ba. Ƙungiyoyi suna buɗewa suna rufewa a tsakiyar kaka, kuɗin tafiya tsakanin birane masu nisa ya fi abin da ake samu a ƙofa, albashi yana makalewa. A Maris na 1981 'yan wasan Minnesota Fillies suka fice daga fili a Chicago kafin a fara wasa saboda an daɗe ba a biya su ba. A wannan shekarar gasar ta mutu, bayan kaka uku kacal.

Darasin a fili yake. Mutum ba ya sayen tikiti ya shirya tafiya don ƙungiyar da bai da tabbacin za ta kai wata mai zuwa. Daga nan har tsawon shekara 15, duk Ba'amurkiyar da ke son cin abinci da ƙwallon kwando sai ta ƙetare teku zuwa Italiya, Sifaniya, Japan ko Birazil. Talla ta koma ta ƙasa da ƙasa.

1996 da haihuwar WNBA

Kafin gasar Olamfik ta Atlanta, an tara tawagar matan Amurka wuri ɗaya kusan shekara guda, da su Lisa Leslie da Sheryl Swoopes da Dawn Staley da Rebecca Lobo. Suka zagaya jami'o'in ƙasar da wasu ƙasashen waje, suka buga wasa 52 ba a ci su ko ɗaya ba. A Atlanta suka ƙara takwas, suka doke Birazil a wasan ƙarshe a gaban mutum sama da 30,000. Wannan ce tallar da ta fi kowace riba a tarihin wasan.

Gasa biyu suka taso a kan wannan farin jini. Ɗaya ita ce ABL, wadda ta fara a 1996 ta durƙushe a Disamba na 1998. Ɗayar ita ce WNBA, wadda hukumar NBA ta maza ta kafa da kuɗinta da zaurukanta. An tsara ta a buga lokacin bazararsu, sa'ad da maza ke hutu kuma zauruka ba kowa. Ranar 21 ga Yuni, 1997, New York Liberty ta ci Los Angeles Sparks 67 da 57 a gaban mutum 14,284. Da ƙungiya takwas aka fara. Houston Comets ta lashe kofi huɗu na farko a jere, daga 1997 zuwa 2000.

A kaka ta biyu matsakaicin 'yan kallo a kowane wasa ya haura 10,000. Daga nan sai ya fara zamewa a hankali, har ya sauko ƙasa da 7,000 a 2018 da 2019. Cleveland ta rasa ƙungiyarta, Charlotte ta rasa, Sacramento ta rasa. Comets ɗin da ta ci kofi huɗu an rufe ta a 2008 don ba a samu mai saye ba. Detroit Shock, wadda ta tara mutum 22,076 a wasan ƙarshe na 2003, an kwashe ta zuwa Tulsa, daga can zuwa Dallas. A 2018 aka fitar da New York Liberty daga shahararren zauren Madison Square Garden zuwa wani ƙaramin zaure a wajen birni.

Su kansu 'yan wasan ba su huta da tafiya ba. Da kaka ta ƙare a Amurka sai su wuce Rasha ko Turkiyya ko Sin, inda albashi ya fi tsoka. A 2015 ƙungiyar Yekaterinburg ta Rasha ta biya Diana Taurasi don ta zauna ta huta maimakon ta buga kakar WNBA, domin abin da take samu a can ya ninka na gida fiye da sau goma. Irin wannan tafiyar neman kuɗi ce ta kai Brittney Griner filin jirgin Mosko a Fabrairun 2022, inda aka kama ta, ta yi kusan wata goma a tsare kafin a sake ta a musayar fursunoni. Ko a cikin gida, a wancan lokacin jirgin haya na kowa da kowa suke bi. A Agustan 2018 'yan Las Vegas Aces suka shafe sama da awa 24 a hanya saboda soke jirage, suka isa Washington a gajiye suka ce ba za su iya wasa ba, hukumar ta ba abokan karawarsu nasara.

Duk da haka WNBA ta yi abin da WBL da ABL suka kasa, ta rayu. Shekara bayan shekara ana buɗe kaka a kan lokaci. Yarinyar da aka kai kallo a 1997 ta girma ta kai tata 'yar. Sannu ba ta hana zuwa.

Shekarar da aka cika hanya

Caitlin Clark 'yar West Des Moines ce a jihar Iowa, kuma a jami'ar Iowa ta yi wasa. Jifanta daga nesa, kusa da tsakiyar fili, ya sa faifan bidiyonta ya karaɗe intanet. Ranar 15 ga Oktoba, 2023, jami'ar ta shimfiɗa filin ƙwallon kwando a tsakiyar babban filin wasanta na Kinnick, mutum 55,646 suka zo kallon wasan sada zumunci da DePaul. A Afrilun 2024 wasan ƙarshe na jami'o'i tsakanin Iowa da South Carolina ya samu masu kallo kusan miliyan 19 a talabijin, karon farko da na mata ya zarce na maza. South Carolina ce ta ci, kuma mai horar da ita Dawn Staley ce, ɗaya daga cikin 'yan tawagar 1996.

Da Indiana Fever ta ɗauki Clark a matsayin zaɓi na ɗaya, sai tsohuwar al'adar Iowa ta samu sabuwar hanya. Iowa ba ta da ƙungiyar WNBA. Daga Des Moines zuwa Indianapolis kusan kilomita 750 ne, kamar mutum ya tashi daga Legas zuwa Abuja, kuma mutane suka riƙa yin wannan tafiya sanye da rigunan jami'arsu masu launin baƙi da ruwan ɗorawa. Jikokin waɗanda suka bi Denise Long zuwa Des Moines ne ke bin Clark zuwa wata jihar.

Ba 'yan Iowa kaɗai abin ya shafa ba. A 2024 ƙungiya 12 ce kawai a ƙasa mai jiha 50, saboda haka ga mafi yawan Amurkawa kallon WNBA ido da ido yana nufin tafiya, da kuɗin mai, da otal. A wannan kakar Fever ta riƙa tara kimanin mutum 17,000 a kowane wasan gida. Ranar 2 ga Yuli mutum 20,366 suka kalle ta a Las Vegas. Matsakaicin gasar baki ɗaya ya tashi zuwa 9,807, ƙarin kashi 48 cikin ɗari a kan na 2023. A shekarar ne kuma hukumar ta fara ɗaukar wa ƙungiyoyi jirgin shata, ta kuma ƙulla yarjejeniyar talabijin ta shekara 11 a kan kimanin dala biliyan 2.2.

Kuskure ne a jingina komai ga mutum ɗaya. Tun Mayun 2023, kafin Clark ta shigo, wasan gwaji tsakanin Chicago Sky da Minnesota Lynx ya cika zauren Toronto a Kanada, ƙasar da ba ta da ƙungiya a lokacin. Akwai A'ja Wilson da Breanna Stewart da Napheesa Collier da Angel Reese, kowace da masu binta. A 2025 rauni ya hana Clark buga fiye da wasa 13, waɗanda suka sayi tikiti tun da wuri suka yi doguwar tafiya suka tarar da ita zaune a benci. Amma a shekarar ne gasar ta kafa sabon tarihin yawan 'yan kallo, kuma sabuwar ƙungiya, Golden State Valkyries, ta sayar da kujerunta 18,064 kaf a kowane wasan gida. An riga an ba Toronto da Portland gurbi daga 2026, Cleveland 2028, Detroit 2029, Philadelphia 2030. Uku daga cikinsu, Portland da Cleveland da Detroit, garuruwa ne da aka taɓa ƙwace wa ƙungiya.

Cikar kasuwa ta zo da nata rigingimun. Tikiti ya yi tsada, har tsofaffin magoya bayan da suka riƙe gasar lokacin da kujeru ke wayam suka fara kokawa. Wasu 'yan wasa baƙaƙen fata sun fito fili sun koka da zagin wariyar launin fata daga wasu sababbin masu kallo. Sannan ga batun rabo: albashin Clark na shekarar farko bai kai dala 77,000 ba, alhali ita ake cika zaure dominta. A Oktoban 2024 ƙungiyar 'yan wasan ta fice daga tsohuwar yarjejeniyar albashi, ta nemi a ɗaura rabonsu da kuɗin da ke shigowa. Ƙarfin da suka samu na yin wannan magana daga waɗancan matafiya ya fito, domin kujera cikakkiya hujja ce da mai kulob ba zai musa ba.

Inda zancen ya taɓo mu

Wadda ke jagorantar ƙungiyar 'yan wasan tun 2016 ita ce Nneka Ogwumike, wadda iyayenta 'yan Najeriya ne. Ita ce zaɓi na ɗaya a 2012, ƙanwarta Chiney ta zama zaɓi na ɗaya a 2014, kuma a 2016 Nneka ta zama gwarzuwar gasar ta kuma ci kofi da Los Angeles. Akwai Arike Ogunbowale ta Dallas, da Michaela Onyenwere, da Kiki Iriafen da Washington ta ɗauka a 2025. Kafin su akwai Mfon Udoka, wadda ta buga WNBA kuma ta ja ragamar Najeriya a Olamfik na 2004 a Atina, inda muka doke Koriya ta Kudu 68 da 64, nasarar farko da matan wata ƙasar Afirka suka samu a ƙwallon kwandon Olamfik.

Tawagarmu ta ƙasa, D'Tigress, ta ɗauki kofin Afirka sau bakwai: Maputo 2003, Abuja 2005, Bamako 2017, Dakar 2019, Yawunde 2021, Kigali 2023, da Abijan 2025, inda ta doke Mali 78 da 64. Biyar na ƙarshen a jere suke. A Olamfik na 2024 a Faransa, ƙarƙashin koci Rena Wakama, ta ci Ostireliya 75 da 62, ta ci Kanada 79 da 70, ta zama tawagar Afirka ta farko, maza ko mata, da ta kai zagayen 'yan takwas, inda Amurka ta tsayar da ita.

A sake duba jerin garuruwan nan. Ɗaya ne kawai a Najeriya, shi ma tun 2005 ne. A Dakar a 2019, 'yan Senegal ne suka cika zaurensu mai cin mutum 15,000 don mara wa matansu baya, namu suka ci su 60 da 55 a tsakiyar wannan hayaniya. Ɗan Najeriyar da ke son ganin zakarun Afirka da idonsa sai ya nemi fasfo da kuɗin jirgi. Yawancin 'yan wasan ma a Turai da Amurka suke sana'arsu. A 2022 gwamnatin tarayya ta janye ƙasar daga wasannin ƙwallon kwando na duniya saboda rikicin shugabancin hukumar wasan, aka ba Mali gurbinmu a gasar cin kofin duniya ta Ostireliya. Ko da aka janye matakin, gurbin ya riga ya tafi. A Agustan 2025 Shugaba Tinubu ya sanar da kyautar dala 100,000 da gida da lambar girma ga kowace 'yar wasa. Kyauta abu ne mai kyau, amma sau ɗaya ake ba da ita, ba ta zama albashi.

A taƙaice matanmu suna matakin da Amurkawa suke kafin 1997. Suna da gwaninta, suna da kofuna, amma har yanzu talla suke yi a kasuwannin wasu. Abin da tarihin nan ya nuna shi ne abu uku ne suka haɗu kafin rumfa ta tsaya a Amurka. Na farko, makarantun da suka ba 'yan mata fili da gasa, har iyaye suka saba binsu. Na biyu, gasar da ake buɗewa kowace shekara a kan lokaci, ko ana riba ko ba a yi. Na uku, taurarin da mutane suka san sunansu da fuskarsu. Na ukun muna da shi. Na biyun akwai tushensa, domin gasar mata ta ƙasa da bankin Zenith ke ɗaukar nauyi tana gudana tun 2005, da ƙungiyoyi irin su First Bank, wadda ta ci kofin kulob-kulob na Afirka a 2003 da 2009, da Dolphins da MFM da Kwastam, kuma an sha buga zagayen ƙarshe a zauren cikin gida na filin wasa na ƙasa da ke Surulere.

Na farkon kuwa a hannun jama'a yake. Mutanen Iowa ba attajirai ba ne, manoma ne da suka ɗauki wasan 'ya'yansu da muhimmanci har suka rufe shago suka bi su. Mu da ke zaune a Agege da Idi Araba da Mile 12 da Obalende, Surulere kuɗin mota ɗaya ko biyu ne. Na Sabo Ibadan da Shagamu da Abekuta tafiyar yini ce a je a dawo. Matasanmu suna cika gidajen kallo don ƙwallon Ingila da Sifaniya, kuma ba wanda ya ce su daina. Amma duk lokacin da aka sanar da zagayen ƙarshe na gasar mata, ko gasar makarantar da 'yarka ko ƙanwarka ke ciki, yana da kyau a haɗa mota a je, a tafi da yara. Gani ya kori ji. Masu tallafa wa wasa da kuɗi kujeru suke ƙirgawa kafin su sa hannu a aljihu, haka ma masu yanke shawarar ƙasar da za a ba baƙuncin gasar Afirka.

Wanda ya taɓa zuwa kallon irin wannan wasa, a Legas ko Abuja ko wata ƙasa, ya ba mu labarin abin da ya gani. Allah Ya sa mu dace.